Garwar Mai da Gonar Sarkin Noma

A ƙarshen shekarun sittin, lokacin da fetur ya yi wuya, na gama sakandare ina zaune gida kusa da Dayi ina jiran kiran makarantar koyon jinya. Baba yana da tsohuwar tarakta mai shan fetur da ya saya gwanjo a Funtua. Ƙaninsa, Baffa, shi ke tuƙa ta. Littafin da ya zo da ita kuwa da Turanci yake, ni kaɗai ke iya karanta shi a gidan. Ana kira na in karanta, ba a cika jin abin da na karanta ba.

Baba yana da aboki tun ƙuruciya, Bamaguje ne, gidansa na bayan dutse. Sarkin Noma ake ce masa, kuma ya cancanta. Kafin zuwan tarakta, duk shekara shi ke kawo mana samarin gidansa su yi mana huɗa. A ranin nan Baba ya ce masa, "Bana kada ka wahalar da kanka da gayya. Ruwan shuka na sauka, gonarka za a fara."

Gayyar Maguzawa ba a kiran ta da baki kawai. Sai an jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa giya, a jira ta nuna. Aikin ya fi mako. Tunda Alhaji, wato Baba, ya yi alkawari, matar Sarkin Noma ba ta jiƙa ko tiya ɗaya ba.

Ruwa ya sauka daren Talata. Da safe aka duba, fetur ɗin da ke gida bai kai rabin tanki ba, Malumfashi kuma babu. Sai Baffa ya jawo wata garwa daga bayan rumbu, ragowar man injin feshin auduga na bara. Shi wannan inji ba ya shan fetur zalla, sai an gauraya masa da baƙin mai.

"Kira 'yar boko," in ji Baba.

Na zo, na shinshina, na ɗiga a tafin hannu. Baƙin man ya yi yawa, don Baffa da ido yake awo, kuma a ganinsa yawan mai gata ne ga inji. Na ce, "Ba zai kashe ta ba. Amma a tace da ƙyalle, a riƙa sirkawa kaɗan-kaɗan da mai kyau, kada a zuba gindin garwar. In ba haka ba hayaƙi za ta yi, fulogi ya toshe."

"To, ta ce ba ya komai," in ji Baffa.

"Ba haka na ce ba."

"Ke, shiga ciki."

Ta kan katanga na ga ya kifa garwar duka cikin tanki, har yana girgiza ta don kada ɗigo ya rage.

Ban je gonar Sarkin Noma ba, amma kafin azahar labari ya iso. Tarakta ta yi layi kaɗan tana fitar da shuɗin hayaƙi, ta yi tari, ta mutu. Inda ta mutu shi ne abin. Daidai gindin tsamiyar da Sarkin Noma ke yanka jan zakara kowace shekara kafin shuka. Da ta ƙara taku ashirin ko ta rage ashirin, da ba ni da abin rubutawa yau.

Da shanun aro aka jawo ta gida. Baffa na tafe a gaba yana ba mutane labari. Wai hayaƙin ba irin na mota ba ne, wai ya ji an riƙe masa sitiyari, wai kansa na sarawa. Kan da ya yi ta shaƙar hayaƙin baƙin mai, me zai hana shi sarawa?

A zaure na same su. Na san ba wurina ba ne, na shiga duk da haka.

"Baba, fulogi ne. Man nan ne ya toshe su."

Baffa ya juyo yana murmushi. "Ke ba ke kika ce man ba ya komai ba? A gaban Yaya kika faɗa. To in ba mai ba ne, mene ne?"

Mazan da ke zaune suka gyaɗa kai. Maganata ce aka yanke mata wutsiya aka mai da ta shaida a kan tsamiya.

Alhamis da hantsi Sarkin Noma ya zo, da galmarsa a kafaɗa. Bai shiga zaure ba, a ƙofa ya durƙusa. Ina bayan asabari ina ji.

"Alhaji, yaushe za a dawo? Laima na tafiya."

"Sai an ga abin da Allah ya yi."

"In don itacen ne, a bar wajen. A nome mini gabas kawai. Shekara nawa kana cin dawar gonar nan, ta taɓa riƙe maka maƙogwaro?"

Baba bai yi dariya ba. Da can da ya yi.

Juma'a da safe wani malami ya zo ya yayyafa wa tarakta rubutu. Da maza suka tafi masallaci, na ɗauki sifana da kananzir da tsinken tsintsiya. Fulogi huɗu ne, duk sun yi baƙi ƙirin, suna maiƙo. Na wanke, na kankare, na mayar. Na kwance bututun da ke ƙasan tanki na tsiyaye dagwalon a kwano. Aikin bai kai dahuwar shinkafa ba. Da suka dawo Baffa ya murɗa makulli, ta tashi. Aka yi ta kabbara. Aka aika wa malam zabi biyu.

Na sami Baba shi kaɗai bayan la'asar, na miƙa masa hannuwana, baƙin mai har ƙarƙashin farce.

"Ni na gyara ta. Ga kwanon can, je ka gani. Gobe a koma gonar."

Ya dubi hannuwan ya daɗe. Ya gane, na ga ya gane. Sai ya ce, "Je ki wanke kafin wani ya gani."

"Gonar fa?"

"Kina so a ce na ƙaryata malam da ƙanina saboda Bamaguje? Tun da na dawo daga Makka ake mini surutu a kansa."

Ashe abin ke nan. Hanyar fita yake nema, tsamiya ta ba shi.

Asabar aka sami fetur a Kafur. Tarakta ta nome tamu, ta nome ta surukin Baffa, ta wuce ta gefen gonar Sarkin Noma sau biyu ba ta juya ba. A ranar matarsa ta jiƙa dawa. Kafin giya ta nuna ƙasa ta bushe, ruwa kuma ya ɗauke kusan mako uku. Samarin da za su zo masa gayya kowa ya shiga tasa gonar. Ya yi shuka a makare, dawar ba ta gama cika ido ba damina ta tafi. Mutumin da rumbunansa ke ciyar da unguwa, a bazarar da ta biyo na gan shi a kasuwar Dayi yana sayar da akuyoyi yana auno hatsi.

Na gaishe shi. Ya amsa da fara'a kamar kullum.

"'Yar boko, an ce ke ce mai karanta littafin motar. Me littafin ya ce game da tsamiyata?"

Na ce, "Bai ce komai ba, Baba. Mai ne."

"Na sani. Na ji warinsa tun daga bakin gona."

Ya ɗaure bakin buhunsa. Bai tambayi Alhaji ba, kuma bai sake taka ƙofar gidanmu ba. Garwar kuwa Baffa ya wanke ta, aka riƙa ɗebo ruwan alwala da ita.