Tsibirin da Iya Ba Ta Rufewa

A gidanmu na Fagge, da an sauke tuwo, Iya, kakata ta wajen uba, kan ja tabarma kusa da murhu kafin garwashi ya mutu. Dokarta ɗaya ce: tatsuniya ana rufe ta da ƙurunƙus, abin da ya faru da gaske kuwa ba a sa masa murfi. Kura da zomo kullum suna samun nasu murfin. Labarin tsibiri ne kaɗai take bari a buɗe.

Wai wani dutse ne a tsakiyar tekun Girka, ba shi da kogi. Gidajensa suna hawa kafaɗar juna, duk suna leƙen bakin ruwa. Kowane gida da rijiyar tara ruwan sama a ƙarƙashinsa. Titunan matakala ne, don haka jaki ke ɗaukar amarya, shi ke ɗaukar buhun alkama. Da mulkin Turkawa ya ishe su, fatakensu suka ɗora igwa a jiragen fatauci suka fita yaƙi.

Na taɓa cewa, "Iya, ke da ko gadar Wudil ba ki haye ba?"

Ta ce, "Ubanka ne ya haye, ja'iri. Janye ƙafarka daga wuta."

Tana yarinya ta ji labarin, a bakin matar wani Bagirke mai awon gyaɗa, wanda Kanawa suka yi wa alfarmar zama Bakwara, sunan da suke kiran Larabawan kanti, ba tare da shawara da shi ba. Iya ke kai mata ƙwai. Matar ta riƙa ba da labarin garinsu da guntuwar Hausarta, tana share ido.

Yanzu ni ne baƙon. Ina karatu a Kuala Lumpur, muna zaune a saman bene a unguwar Sentul, murhunmu na gas ne. 'Yata Ummi, mai sunan Iya, in ka yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci ko Malayanci. Tsorona kada maganar Iya ta ƙare a bakina.

Wata ranar ruwa bayan magariba na zaunar da ita, na gaya mata dokar, na zuba mata tsibirin. Ta ɗauki wayar uwarta ta bincika. Ga shi nan, Haidira sunansa: jakuna jere a bakin ruwa, igwa tana nan inda aka bar ta.

Ta ce, "Abba, jakuna lah!" har da jelar Malayanci.

Sai a ranar na gane abin da Bagirkiyar take yi: wanda ya yi nisa da gida, a kunnen yaro yake ajiye garinsu. Iya ta riƙe amanar baƙuwa har ta tsufa, ba ta rage ko jaki ɗaya ba.

Na miƙe ina cewa, "To, ƙurun..."

Ummi ta kama hannuna, ta ce da Hausa tsab, "A'a Abba. Wannan ba a rufe shi."