Wofa Amoako da Kasaken Pankrono

Har gobe in na ji wani a Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, ya kira Wofa Amoako "tsohon nan mai bugun ƙarfe", sai raina ya ɓaci. Ku su wa? Shekara arba'in da ɗoriya yana rumfarsa ta kwano a bakin kwata, can ƙarshen layin makanikai, yana lanƙwasa sifirin mota. Da adda da tarkon gafiya ya fara, a maƙerar ubansa a Mampong. Ƙarar guduma ta cinye masa kunnen hagu. Bai iya tuƙi ba, bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma ku nuna mini wanda ya fi shi sanin ƙarƙashin mota.

Ni Afriyie, sana'ata kai kasake da tukwanen matan Pankrono kasuwar Techiman, a akori-kurar da kawuna ya bar mini. Motar ta girmi 'yata ta fari. Bara sifirin baya ya karye. Na zaga shaguna har ƙafata ta kumbura, kowa ya ce an daina ƙera irinsa tun tuni. Wani mai shago har da cewa, "Maame, ki sayar da ita a kilo ki huta." Na ce ya fara kai kakarsa a auna.

Wani makanike ya ɗaura mini sifirin babbar mota, ya ƙara fallen ƙarfe biyu, wai yanzu ko siminti na loda ba za ta durƙusa ba. Haka suke duk cikinsu. Ka kawo mota, ƙari za a yi maka, don kowa lodin ganganci ya sani. Tafiyar farko kasake goma sha tara suka fashe. A ta biyu ban ma ƙirga ba.

Eno Pokuaa, shugabar masu ginin tukwane, ta kira ni gefe. "'Yata, kawunki namu ne. Amma wata guda muna gini, ke kina kai mana tsingaro kasuwa. Alhamis mai zuwa in suka sake fashewa, wata mota za mu nema."

A kan haka na je wurin Wofa. Bai ko kalli motar ba.

"Me take ɗauka?"

"Kasake."

"Me?" Ya juyo da kunnen dama.

"Kasake, Wofa! Na yumɓu!"

Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ya fito yana dariya. "Wane ɗan banza ne ya sa wa kaza ƙafar giwa? Ragewa zan yi."

"Ragewa? Da kuɗina aka ƙara fa!"

"To koma ya ƙara miki uku, ki buɗe shagon tsingaro."

Na bar masa motar.

Kwana biyu ya yi a kanta. Ya cire falle uku ya jefar gefe. Ya zana lanƙwasar sifirin asali da alli a ƙasa, daga ka, ya dinga gasa ƙarfen yana bugawa yana ɗorawa a kan zanen. Robar da ake cusawa a ramin ƙarfen ma babu a kasuwa, sai ya yanko ta daga gefen tsohuwar taya, wai gefe ya fi gadon taya laushi. Duk wannan aiki, gasasshiyar ayaba da gyaɗa ce abincinsa.

Ranar Alhamis da safe muna lodi a Pankrono sai ga shi da mayafinsa a kafaɗa. Na buɗe masa gaba, ya ƙi.

"Kujera maƙaryaciya ce. Ɗuwawuna ne ma'auni."

Ya haye baya, ya zauna a kan tsurar ƙarfe tsakanin kasake, tsoho mai jikoki. Muna wuce Offinso, inda hanya ke gargada, ya bubbuga rufin mota. Na tsaya. Ya sauka da sifana, ya sassauta noti ɗaya na hagu, ya koma mazauninsa. Muka ci gaba da tafiya.

Muka shiga Techiman ya yi buɗu-buɗu da jar ƙasa. 'Yan dako suka fara yi masa dariya, na wanke su tas. Eno Pokuaa ta riga mu zuwa a bas. Ta tsaya ana saukewa, tana ƙwanƙwasa kowane kasko da ɗan yatsa tana saurare. Ina tsaye ina ƙirgawa. Can wajen ƙarshe ɗaya ya yi ƙarar tsagagge. Ta juya shi, ta duba gindinsa.

"Wannan tun a wuta ya tsage. Aikin surukata ne, hannunta kamar na mai daka fufu." Ta ajiye shi. "Mako mai zuwa ki zo da wuri. Akwai randuna."

"Randuna?" in ji Wofa, yana karkaɗe mayafi. Wannan kam ya ji ta sarai. "To ki biyo ta rumfa Litinin in mayar da falle ɗaya, randa ta fi kasko nauyi."

A komawa ya yarda ya zauna gaba. Kafin mu bar gari ya yi barci.