Bulus Ya Ƙi Sakin Tsohon Ɗan Wasansa

Jiya da yamma a mamak, wato shagon shayi da abinci, na unguwar Taman Melati, har shayin Bulus ya huce yana ta kallon waya.

Abokina ne ɗan Jos. Tare muke wasan fantasi na ƙwallon Amurka, inda kake riƙe 'yan wasanka shekara da shekaru suna tara maka maki. An yi masa tayin musaya: ya ba da mai gudu da ƙwallonsa ɗan shekara talatin, mai ciwon gwiwa, ya karɓi sabon jini ɗan ashirin da biyu.

Na ce, "Haba Bulus, karɓa mana! Wannan zai yi maka shekara biyar. Naka kuwa baɗi ma da ƙyar."

Ya ce, "Abin da manajanmu na wajen aiki ya faɗa min ke nan ranar Litinin. Shekarata tara a wajen, sun ɗauki wanda ya gama jami'a bana."

Wallahi ban san an sallame shi ba. Sai na sa aka kawo mana gurasar roti biyu.

Bai yi musayar ba. A lissafi ya yi kuskure, amma bakina ya kasa faɗa.

Da ku ne a gabansa, me za ku ce masa?