Ranar da Na Wanke Masa Turaren

Turaren nan na maigidana, ni dai ban taɓa ƙaunarsa ba. Mai maiƙo ne, baƙi-baƙi, a 'yar kwalba kamar ɗan yatsa. Abokansa 'yan kasuwar shanu cewa suke ƙamshin manya ne. Ni kuwa tsohon bunsuru nake ji, wanda aka barbaɗa wa kanumfari. Ran Juma'a kaɗai yake shafawa, amma sai Laraba ƙamshin yake sakin ɗakin. In na ce, "Malam, don Allah ka tausaya wa hancina," sai ya yi murmushi ya ƙara ɗigo a gemu. Mutumin nan akwai neman magana.

Har yau in na lumshe ido ina ganin unguwarmu ta Fegge a garin Anacha bayan ruwan sama. Kwanon rufi na ɗiga, wani farin tururi kwance bisa kogi, shi kuma yana tafe daga masallaci cikin farar riga, ƙamshin ya riga shi shigowa lungu. Yara sukan taso da gudu tun ba su gan shi ba.

Sai ga shekarar rikici, gab da yaƙin basasa. Labarin kashe-kashen Arewa ya iso Anacha, gari ya juya mana baya, mu Hausawa. Maƙwabciyarmu, Ibo ce mai sayar da busasshen kifi, ta ce ƙanenta zai haye da mu kogi zuwa Asaba a kwalekwale. Ta kawo wa Malam zane da singileti ya sauya kama. Da ta matso kusa da shi sai ta toshe hanci, ta dube ni.

"Mijinki, ko makaho ya san Bahaushe ne," in ji ta.

Ranar Asabar ce, jiya-jiya ya shafa.

Na zaunar da shi kan turmi a makewayi. Na dirje shi da sabulun salo, na bi da toka, na bi da lemun tsami, ina dirza ina masifa don kada in yi kuka. Ƙamshin ya ƙi fita. Sai da maƙwabciyar ta murtsuke kan kifi da manja ta shafe masa wuya da gemu.

A bakin ruwa akwai samari da sanduna. Ɗayansu ya zo dab da Malam, ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya wuce. Ban san sa'ad da muka kai tsakiyar kogi ba, ruwan shiru, kamar ba abin da ke faruwa a duniya.

Da muka taka ƙasa a wancan ƙetaren, ni da ko hannunsa ban taɓa riƙewa a gaban mutane ba, na kifa fuskata a wuyansa ina shinshina. Kifi kawai na ji. Shekara da shekaru ina roƙon wannan rana, ga ta ta zo, kuma wallahi ban so ta ba. Nan kukan ya ƙwace mini.