Albasar Alhaji a Ɗakina

Shekarar da aka tura ni koyarwa Tamaske, ina ƙaramin malamin kwantara, matata ce ta biya mana kuɗin haya. Tumakinta uku ta sayar, waɗanda ta zo da su daga gidan iyayenta a Azarori, ta kwance kuɗin daga bakin zane ta miƙo mini. Jikka sittin, wato sefa dubu sittin, hayar shekara guda cif. 'Yarmu a lokacin watanta biyu a duniya.

Mai gidan wani Alhaji ne, dillalin albasa. Ya yi shekaru a Abijan ya dawo da tumbi da wayoyi biyu, ɗaya a kowane aljihu, kuma bai iya yi maka magana ba sai yana latsa ɗaya daga ciki. Ɗakin da ya nuna mini bango ne huɗu da ƙofa, sama kuwa sai sararin Allah. Ya ce in biya shekara gaba ɗaya ya sayo kwano ya rufe. Da na ce to a rubuta takarda, sai ya dafe ƙirji kamar na zagi uwarsa, ya kira ni da sunan da ake kiran malaman boko a nan.

"Mushe, ni kaka ce ma takarda? Ga mai unguwa nan zamne, ga dattawa. Nan garin bakin mutum shi na takarda tai."

Dattawan nan su uku ne, kullum suna kan tabarmar ƙofar gidansa suna shan shayinsa. Ban taɓa sanin wata sana'arsu ba bayan gyaɗa kai. Suka gyaɗa, mai unguwa ma ya gyaɗa, ni kuma don wauta na ji kunya na zube kuɗin.

Wata uku muka yi a ɗakin, sai ga takarda daga sama, an mayar da ni wata lakwal, wato makarantar boko, a Buza. Malamin kwantara ba a shawara da shi, jakarsa kawai yake ɗauka. Na je wurin Alhaji cikin ladabi, har da durƙusawa, na ce saura wata tara, a taimaka a mayar mini da jikka arba'in da biyar in kama ɗaki a can.

Bai ko ɗago kai daga waya ba.

"Ni nik kore ka? Gwamnati ta ɗauke ka, tahi ta biya ka. Kuɗɗinka ga su can bisa, sun zama kwano. Ɗaki naka na hal shekara ta cika, in ka so ka kwan ciki, in ka so ka bar ma ɓeraye. Ni ba ni taɓa shi."

"Gaskiya ta, ɗaki nashi na," in ji mai unguwa. Masu gyaɗa kai suka yi aikinsu.

Na sha ganin marowata, amma ban taɓa ganin wanda rowa ta yi wa kyau a baki irin wannan ba. Mutum ne da zai hana ka haƙƙinka, ya kuma so ka gode masa. Na sa wa ɗakin kwaɗo, na jefa mabuɗin a aljihu.

A Buza masu gida suka ce sai abansi, wato a biya hayar wata uku tun kafin a shiga, albashinmu kuwa zuwansa sai ya ga dama. Dole na kai matata da jaririyar Azarori. Na ga surukina ya dubi turken da tumakin nan suke a da. Ni kuma na koma ina kwana a cikin aji, in haɗa benci biyu in shimfiɗa tabarma, da asuba in naɗe kafin yara su zo. Idan na kira matata sai ta ce lafiya lau suke, yarinya ta fara zama, yarinya ta fara haƙori. Duk a waya nake ji. Ba ta taɓa yi mini maganar tumakin ba, kuma wannan shirun ya fi faɗa ciwo.

Ana gab da hutun tsakiyar shekara, zafi ya kankama, daraktan tsohuwar makarantata ya kira ni. Ya ce ko mako ban yi da tafiya ba Alhaji ya sa aka ɓalle kwaɗona. Da farko wake ya jibge a ciki. Yanzu kuwa albasa ce, buhu kan buhu har kusa da rufi, an riga an ɗinke, ana jiran kamiyo, babbar motar kaya, da zai kwashe ta zuwa Abijan ranar Alhamis.

Na tambaye shi sau biyu, "Alhamis kac ce?"

Ranar Laraba na ranci kuɗin mota, na tsaya a Keita na sayi kwaɗo mafi girma da na samu a kasuwa. Na isa Tamaske da hantsi. Tun daga bakin lungu warin albasa ya tare ni. Ƙofar ɗakin an ɗaure ta da waya kawai, taga a buɗe don iska ta ratsa. Na shiga ta kan buhuna na rufe tagar, na fito na ja ƙofa na datse da kwaɗona. Sannan na shimfiɗa tabarmata a bakin ƙofa, na fito da littattafan yara na kama gyara da jan biro.

Wanda ya san albasa ya san ba ta son rufaffen wuri. Ɗaki na siminti, taga a rufe, rana ta bazara tana dukan kwano, kwana biyu ya isa ta fara zufa ta ruɓe daga tsakiya. Kuma kwanon nan ai na sani sarai, tumakin matata ne.

Kafin azahar sai ga Alhaji, babbar riga na jan ƙasa, wayoyin duka biyu a hannu.

"Kai Mushe, hauka kaka yi? Buɗe min ɗakina!"

"Wane ɗaki, Alhaji? Wanga nawa na hal shekara ta cika. Kai kah hwaɗi, gaban mai unguwa."

Ya ce zai kira jandarma. Na ce ya kira, ni ma ina son in nuna musu inda aka ɓalle kwaɗon farko. Sai ya mayar da waya aljihu. Aka aika aka kira mai unguwa, ya iso da dattawan nan uku a bayansa, mutanen lungu suka cika wurin. Na tambaye shi a gaban kowa ko ya tuna abin da aka ce ranar nan. Ya dubi Alhaji, ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya. A ranar, wuyan dattawan ya ƙage, ko ɗaya bai iya gyaɗawa ba.

"An hwaɗi hakanan," ya ce da ƙyar. "Amma Mushe, a yi haƙuri. Albasa ba ta yi maka laihi ba."

"Ɗiyata ma ba ta yi ma kowa laihi ba, ranka shi daɗe. Wata ukku tana gidan kakanta, ban ji kun ce ma Alhaji shi yi haƙuri ba."

Alhaji ya tafi ya dawo sau uku. Da la'asar ya ce zai ba ni na wata shida, tunda uku sun wuce. Na ce ukun nan wakensa ne ya kwana a ciki, ba ni ba, na ci gaba da gyaran littattafaina. A nan na kwana bakin ƙofa. Washegari da safe kamiyo ya iso ya tsaya a bakin titi, direba yana danna oda, 'yan dako na zaune suna jira, warin da ke fitowa ta ƙasan ƙofa kuma ya fara canzawa. Alhaji ya sunkuya ya shinshina, na ga gumi ya keto masa.

Ya zaro kuɗi daga aljihun ciki. Tsayawa ya yi yana zaɓar takardun da suka fi yagewa da datti, ya ƙirga sau uku yana lasar yatsa. Da ya miƙo mini sai ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Ku shaida, ba bashi na ba. Sadaka niy yi mai, don yarinyar."

Nan take wuyan dattawa ya warke. "Allah shi saka ma Alhaji da alheri," suka ce a tare. Na dube su, wallahi ko haushi ban ji ba, ƙyama ce kawai. Na ƙirga kuɗina, arba'in da biyar cif, na cire kwaɗona na saka a jaka, don shi ma kuɗi na saya.

Na kama ɗaki a Buza, wannan karon da takarda da sa hannu, sannan na wuce Azarori in ɗauko iyalina. Na tarar da matata a tsakar gida tana tankaɗe, yarinyar na zaune kusa da ita a kan tabarma, da haƙora biyu a baki. Na ajiye sauran kuɗin a gaban uwar, na durƙusa na miƙa hannu na ɗauki 'yata.

Ta ƙura mini ido, sai ta tsandara ihu, ta bankare tana miƙa hannu wajen kakanta. Surukina ya zo ya karɓe ta, ta kifa kai a kafaɗarsa ta yi shiru, tana leƙena ta gefen wuyansa.

"Ba ta san ka ba tukuna," in ji matata a hankali. "Za ta saba."

Na zauna a bakin tabarmar da kwaɗo a jaka, rigata na warin albasa. Alhaji ya biya wata tara har da lasar yatsa. Wata ukun nan na yarinyar kuwa, ban san ƙofar da zan je in datse ba.