Kafireta Mai Baki Biyu

Motar da Babanmu ya bar mana ta buga inji ne a kan hanyar Shika, ni ke tuƙi, a daminar shekarar da wayar salula ta fara yawa a hannun ɗalibai. Na ji ƙara daga ƙasa kamar ana dukan tukunya da muciya, sai hayaƙi, sai ta mutu a gefen titi. Doguwa ce mai ƙofa biyar, irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna. Da ita Baba ya yi aikin bishara a ƙauyukanmu na kudancin jihar Kaduna har ƙarfinsa ya ƙare. Da ya rasu, Mama ta ce ba za a sayar ba, ni da Yayana mu riƙe ta tare.

Yaya yana aiki a wata gonar gwaji a Samaru, amma gidansa na Jushi, da matarsa da yara, yana kuma noma citta da masara a ƙauye. Ni kuwa na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, na maƙale ina koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi, ina zaune a ɗaki guda cikin gidan hayar ɗalibai. Abokan karatuna duk sun watse, wasu Abuja, wasu Legas. A wancan lokacin ko kujera ban iya zama a kai na daɗe ba. In na shiga ɗaki sai in ji ina son fita, in na fita kuma ban san inda zan nufa ba.

Muka ja motar zuwa Sabon Gari, garejin wani dattijo Bazazzagi da ke duba ta tun Baba na da rai. Baban gareji muke ce masa. Ya sauke injin a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya warware shi, ya jera kayan cikinsa a kan buhu. Ya ce dole a faɗaɗa ramukan silinda a sa fistan masu ɗan girma, a kuma goge kurangishaf. Sannan yana share hannu da tsumma ya ƙara da cewa, "Tunda an riga an buɗe cikinta, in akwai abin da kuke so a ƙara mata, yanzu ne lokacinsa."

Wannan maganar ita ta hana ni sakat.

A layin masu kayan gyara akwai wani Ibo haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Da na faɗa masa abin da ake ciki, ya shiga can ƙuryar shago ya fito da wani abu a naɗe da jarida.

"Ticha, ka ga wannan? Kafireta ce mai baki biyu, 'yar Beljiyom. Taku baki ɗaya gare ta, shi ya sa motar take tafiya kamar mai jin barci. In ka ɗaura wannan, ka sa aka ɗan aske kan injin, ka canja salansa zuwa mai faɗi, ba motar da za ta wuce ka tsakanin nan da Kaduna."

Na ɗauke ta na juya, tana warin tsohon fetur; ita ce ke haɗa mai da iska ta ba inji. Ban ajiye ta ba sai da na ce ya kai wa Baban gareji.

Daga nan kullum aka tashi makaranta sai in hau bas daga Samaru zuwa Sabon Gari da alli a hannun rigata. Yau in ce a aske kan injin, gobe in ce a dakata, jibi in ce a aske ɗin dai. Ina tambayar direbobin tasha, kowa da tasa. A aji ina rubutu a allo, hankalina yana kan titin Abuja, ina ganin kaina ina wuce manyan motoci ɗaya bayan ɗaya zuwa wani ofis da babu wanda ya kira ni cikinsa.

Wata rana na iso na tarar an cire kafiretar an mayar da tsohuwar. A gefe ga wani ƙaton lagireto da sababbin sifirin na baya. Na tambayi Baban gareji, ya ce, "Yayanka ne. Shi da safe yake zuwa, kai da yamma. Ya ce motar kaya ce, buhunan citta za ta ɗauko daga ƙauye, kada ta yi zafi a hawa, kada kuma ta sha masa mai."

Na ce a mayar da tawa. Aka mayar. Washegari aka sake cirewa. Haka muka yi ta yi, ni da Yaya, muna haɗuwa a coci ranar Lahadi mu gaisa, in ci tuwo a gidansa, babu mai tayar da zancen. Rannan na zo na ga an lulluɓe injin da tamfol an danne da duwatsu.

"Ɗana, hannuna ya gaji da ɗaurawa da kwancewa," in ji Baban gareji. "Ku zo tare ranar Asabar, in ba haka ba ku kwashe kayanku."

Muka zo. Yaya ya zauna a kan tsohuwar taya, ni na kasa zama, ina ta kewaya injin. Ya fara da maganar layin mai, yadda ake wuni a gidan mai a dawo da galan babu komai. Na ce motar ba jaki ba ce. Ya ce Baba bai taɓa wuce kowa a hanya ba kuma bai taɓa makara wa'azi ba. Na ce ni ba Baba ba ne. Muryoyinmu suka tashi har mai facin taya na gefe ya daina aiki yana kallonmu.

Sai Yaya ya sassauta murya ya ce, "Wai ina za ka ne da wannan gudun?"

Na ce, "Ko'ina, Yaya. In dai ba nan ba."

Ya dube ni. Ina tsammanin faɗa zai yi, sai kawai ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur ɗinsa.

Baban gareji ya yi gyaran murya, ya ɗauko kafiretar ya nuna wa Yaya cikinta. Ya ce baki na biyun a rufe yake zama, ba ya buɗewa sai an taka totur sosai, saboda haka shan mai yana ga ƙafar mai tuƙi. Ya yi dariya ya ce, "Gaskiya ni ma ina son in ji kukanta a kan wannan injin, tun ranar da aka kawo ta."

A nan aka tsaya. Yaya ya yarda da kafireta, na yarda da lagireto da sifirin. Askin kan inji na haƙura da shi, don man 'yan bumburutu da muke sha a lokacin zai sa ta riƙa zafi. Salansa mai faɗi kuwa Yaya ya ce ba za a shiga harabar coci da ƙarar tirela ba.

Da aka tayar da ita, sai wata sabuwar azaba. Baban gareji ya ce sabon inji sai an lallaɓa shi, kada in kuskura in taka totur sosai har sai fistan sun zauna. Na yi makonni ina rarrafe tsakanin Samaru da Kwangila, 'yan acaɓa suna wuce ni suna yi mini hon.

Ana gab da Kirsimeti aka canja baƙin mai, aka ce ta warke. Muka ɗauki hanyar gida da matar Yaya da yara da buhun shinkafa. Ni na tuƙa har muka wuce Kaduna, amma cunkoso da shingayen 'yan sanda ba su bar ni na yi komai ba. Bayan Kachia Yaya ya ce in kawo ya karɓe ni. A wani dogon hawa muka cim ma wata motar katako tana tafiya da ƙyar tana tura mana baƙin hayaƙi. Yaya ya leƙa, ya ga hanya fes, ya sauke giya ya taka har ƙasa.

Na ji lokacin da baki na biyun ya buɗe. Motar ta yi wani gurnani mai zurfi, kujera ta tura ni a baya, motar katakon ta koma ƙarama a madubi. Yara suka fashe da ihu. Matarsa ta ce, "Baban yara! Da mu a ciki fa!" Shi kuwa dariya yake yi har da dukan sitiyari, irin dariyar da rabona da jin ta tun muna yara. Bai ɗaga ƙafa ba sai da muka gama hawan.

Shekarar da ta biyo na sami aiki a Lakwaja. Na bar masa motar, don shi ke da kayan ɗauka. Shi ya kai ni tasha a cikinta da sassafe, akwatina a baya tare da buhunan taki da zai wuce da su ƙauye. Ya tsaya har bas ɗinmu ta cika, ya saya mini burodi da ruwa, ya ce in kira shi in na isa.