Koma Ka Ɗauko Rigarka

Duk Kebbe an san Hinde mai man gyaɗa da faɗa, ita ma ba ta musu. Tun zuwanta amarya daga Fakku take matsar ƙuli, da shi ta yi wa ɗanta tilo, Nasrullahi, ɗawainiya har ya samu gurbin karatu a Turkiyya. Daga nan mai sayen kwalba ɗaya ma sai ya sha labarin Nasrullahi.

Ranar da ƙasa ta girgiza a can, farkon 2023, da hantsi ya kira ta.

"Inna, lafiya lau nike. Muna waje, amma ba takalmi na fito, ga ƙanƙara na zuba."

"Gidan ya faɗi?"

"Shina tsaye, bango dai ya tsage."

"To mi kaka jira? Abu ya wuce. Koma ka ɗauko rigarka da takalmi, kar sanyi ya kashe mini kai!"

Ita hadari ta sani. In ya zubar ya tafi, sai a fito da shanya. Nasrullahi kuwa bai taɓa tsallake maganarta ba. Kafin azahar girgiza ta biyu ta zo, benen ya rufta yana ciki.

Hinde ba ta yi kuka a gaban mutane ba, a zuci abin ya ci ta. Ranar sadakar uku Malam Armaya'u, wanda ya koyar da yaron a sakandaren Tambuwal, ya shigo yi mata gaisuwa. Da ya yi addu'a ya tashi, da an rabu lafiya. Amma malami da bayani! Ya ce babbar girgiza ba ta cika zuwa ita kaɗai ba. In tsagar ƙasa ta motsa, sai ta juye nauyinta kan maƙwabciyarta, kamar katangar da ta jingina da wata, ita ma ta ɓalle. Shi ya sa ba a komawa gidan da ya tsage.

Hinde ta yaye mayafi daga fuskarta.

"Malam, dama kun san wanga?"

"Sanannen abu ne, Inna."

"Shi ma ya sani?"

Malam ya sunkuyar da kai. "Ni na koya mishi."

"Ya sani," in ji Hinde. "Ya sani, amma don ni na ce, ya koma."